Birkin Hannu: Tarihin Wayar Da Ke Riƙe Mota In Direba Ya Fita

Wata ranar kasuwa a nan Gamu, ina cikin aji ina dictar da yara, sai muka ji ihu daga waje. Wata tsohuwar a-kori-kura ce maƙare da buhunan gero, direban ya ajiye ta a ɗan tudu ya tafi shan shayi. Yaron motar ya manta bai sa mata dutse ba. Ta sulalo da baya a hankali, ba kowa a ciki, har ta daki gindin aduwar da 'yan ajin farko ke zama lokacin hutu. Allah ya sa saura kamar minti ashirin a kaɗa ƙararrawa. Da direban ya iso a guje, aka tambaye shi birkin hannu fa? Ya ce ai ya fi shekara biyu ba ya ci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya yi mamakin amsar. Kowa ya gyaɗa kai, aka kama yi wa yaron motar faɗa.

Tun daga ranar na shiga bin tarihin wannan sandar da muke ja kusa da kujerar direba, kuma ina ganin ya dace malamai da iyaye su ji shi.

A farkon zamanin mota, birkin hannu shi ne birkin gaba ɗaya. An gaje shi ne daga keken doki: sanda doguwa a gefen matuƙi, in ya ja ta sai wani guntun katako ya danne ƙafar. A watan Agusta na 1888, Bertha Benz, matar Karl Benz wanda ya ƙera mota a Jamus, ta ɗauki motar mijinta da 'ya'yanta maza biyu ta yi tafiyar sama da kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim. Gangaren hanya ya cinye katakon birkin. Sai ta tsaya wurin wani baduku ta sa ya buga wa katakon fata. Ke nan gyaran birki na farko da tarihi ya riƙe, mai mota ce ta gano matsalar da kanta, kuma mai sana'ar hannu na bakin hanya ya yi aikin.

Da aka fara sa wa motoci tayar roba, katako ya daina amfani, domin yana cin robar. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin ganga. Ganga ce ta ƙarfe mai juyawa tare da taya, a cikinta akwai wasu ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda makanikai ke kira takalman birki. In aka ja, sai su buɗe su danne cikin gangar. Abin da ke kai ƙarfin hannu daga sanda zuwa taya kuwa waya ce mai tafiya cikin kwanso, irin ta birkin keke, wadda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 da sunan Bowden. Duk yaron da ya taɓa ɗaure birkin kekensa ya riga ya san rabin aikin.

Daga baya birkin ƙafa ya koma aiki da mai. Malcolm Loughead na Amurka ya ƙirƙiro shi wajen 1918, motar Duesenberg ta fito da shi a ƙafa huɗu a 1921, kamfanin Ford kuma bai yarda da shi ba sai 1939. To me ya sa ba a jefar da tsohuwar wayar ba? Dalili biyu ne. Na farko, mai yana iya yoyo, in bututu ya fashe birkin ƙafa ya tafi, dole a sami wata hanya da ba ruwanta da mai. Na biyu, matsin mai ba ya daɗewa, yana saki a hankali, don haka ba a amince masa ya riƙe mota dare guda ba. Har yau dokar ƙera motoci a Turai tana cewa birkin ajiye mota ya riƙe da ƙarfe zalla, kuma ƙaramar mota da cikakken lodi ta tsaya cak a gangaren da ke hawa mita 20 cikin kowace mita 100.

Yanzu mu dawo gida. Damagaram ce hedkwatar Nijar a ƙarƙashin Faransawa daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da ita Yamai. A wannan tsakanin ne ayarin motocin Citroën guda takwas, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, ya taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun ƙetare Sahara, suka biyo ta Yamai, suka sauka Damagaram a watan Disamba, daga nan suka yi gabas zuwa N'gigmi da Tafkin Cadi. Babu gareji ko ɗaya a wannan hanyar. Saboda haka kowace mota da makanikinta a ciki, da shugabansu Maurice Penaud, da kayan gyara a ɗaure a baya. Lokacin da waɗannan motoci suka taka rairayin gabashin Damagaram, mai tuƙi da mai gyara kujera ɗaya suke zaune.

Haka abin ya ci gaba a hannun mutanenmu. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi aparanti a babbar mota tsakanin Damagaram da N'gigmi tun kafin kwalta ta isa can. Ya ce darasin farko da maigidansa ya ba shi shi ne weji, wato guntun gungume mai fuska uku da ake yi wa mariƙi. Yaron mota yana zaune a baya da weji a cinya. In mota ta kasa hawa tudu ta fara ja da baya, shi zai diro a guje ya cusa shi ƙarƙashin taya. In ya makara, kaya da mutane sun tafi; in ya yi ganganci, hannunsa ya tafi. Amma ya ce maigidansa bai taɓa ɗaukar weji a madadin birki ba. Duk daren da za su tashi, sai ya shiga ƙarƙashin mota da fitila ya taɓa wayar da hannunsa, yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

A farkon shekarun 1970, zamanin Diori Hamani, aka shimfiɗa kwaltar Gure zuwa N'gigmi da taimakon Kanada, aka sa mata suna Hanyar Haɗin Kai. Ƙananan motoci suka yawaita. Fijo 404, wadda ta fito a 1960, mariƙin birkinta a ƙarƙashin allon gaba yake, ana jawo shi kamar aljihun tebur. Sai 504 ta 1968, wadda daga 1975 masana'antar Fijo ta Kaduna ta shiga harhaɗawa, kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano da Damagaram. Land Rover da tsohuwar Land Cruiser kuwa nasu daban ne: gangar birkin hannun tana bayan akwatin giya, tana riƙe sandar da ke juya tayoyin baya. Waɗannan motoci duk an ƙera su ne ta yadda mai sifana biyu da haƙuri zai iya gyara su a gindin bishiya, kuma direbobin wancan lokaci sun iya.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar saifa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, har da kayan mota. Tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano suka zama abin hawanmu. A ganina daga nan ne muka koyi rarraba gyara gida biyu: abin da ke hana mota tafiya, a gyara shi yau; abin da ke hana ta tsayawa, a bar shi sai an samu hali. Birkin hannu ya faɗa kashi na biyu. Weji da dutse, waɗanda a da 'yan taimako ne, suka zama su ne birkin.

Abin takaicin shi ne wannan gyara yana cikin mafi araha a jikin mota. Sau da yawa ba a sayen komai. Waya ce ta miƙe da tsufa, ko takalman suka ɗan ci, sai tazara ta yi yawa. Ga yadda kawu ya koya mini, kuma haka nake yi wa tsohuwar motar gidanmu.

A sami wuri mai daidai da ƙasa mai tauri, domin a rairayi jak nutsewa yake. A sa wa tayoyin gaba weji gaba da baya. A ja birkin hannu a hankali ana ƙirga ƙarar haƙoransa. Littafin kowace mota yana faɗin adadinta, amma a yawancin ƙananan motoci in ta wuce takwas ko tara kafin ta kama, ta yi sako-sako. A ɗaga bayan motar, a tokare ta da ƙarfen tokara ko gungume mai kauri. Kada a jera bulon siminti, fashewa yake ba sallama, kuma kada kowa ya sa ko da hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Mai Land Rover ya ƙara kula, domin irin birkinta ba ya hana ta gangarawa in an ɗaga tayar baya ɗaya.

Sai a saki birkin gaba ɗaya. A motar da ke da ganga a baya, takalman ake fara daidaitawa kafin a taɓa waya. A motoci da yawa akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar tauraro, ana juya shi da sukurdireba ta wata 'yar kafa, har taya ta fara gogawa, sannan a mayar da shi baya kaɗan ta saki. Wanda ya tsallake wannan ya je ya ɗaure waya kawai, ya ɓoye ciwon ne. Bayan haka a nemi notin wayar. Ko dai yana gindin sandar a cikin mota, ƙarƙashin robar da ta rufe ta, ko yana ƙarƙashin mota a inda waya ɗaya ta rabu biyu. In noti biyu ne, a sassauta na kulle, a ɗaure ɗayan kaɗan-kaɗan, ana ja ana ƙirgawa. In ta kama a adadin da ya dace, a saki, a juya tayoyin baya biyu da hannu. Dole su juya ba tirjiya. In an ɗaure fiye da kima, birkin zai riƙa gogawa a tafiya, ganga ta yi zafi, takalma su ƙone, mai ya ƙaru. A kulle notin, a sauke mota, a gwada ta a ɗan gangare da direba a ciki, ƙafarsa kusa da birki, ba yaro ko dabba a baya.

Akwai inda aikin gida ya ƙare. In silin wayar ya fara tsintsinkewa, ko tsatsa ta kama ta ba ta komawa, ko an ga jiƙar mai a bayan taya, ko noti ya kai ƙarshen zarensa birki bai kama ba, a kai wa makaniki. Kuma in an buɗe ganga kada a hura ƙurar da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tun 1908 kamfanin Ferodo na Ingila ya fara sa wani ma'adini mai suna asbestos a fatar birki, wanda daga baya aka gane ƙurarsa tana jawo ciwon daji a huhu, kuma tsofaffin takalma da wasu masu araha na iya ɗauke da shi.

'Yan uwa malamai, a wannan sandar akwai darasin da muke zanawa a allo kowace shekara: doguwar sanda da matokari, ƙarfi kaɗan ya ɗaga nauyi mai yawa, da gogayyar abu biyu da ke tsayar da motsi. A makarantar horon malamai ta Damagaram an koya mana mu fara da abin da yaro ke gani. Bara na fito da 'yan ajina wajen keke, muka sassauta wayar birki muka ɗaure, sannan na nuna musu ta mota. Wani yaro da ba ya buɗe baki a aji shi ya fara gane cewa abu ɗaya ne.

Iyaye kuma, mu duba yadda muke kallon gareji. Mun mayar da shi wurin da ake tura yaron da ya faɗi jarrabawa, kamar horo. Alhali akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, kuma motocin da ke tafe suna bukatar makanikin da ya iya karatu. Tun 2001 kamfanin BMW ya fito da mota mai birkin ajiyewa na maɓalli, ƙaramin inji ne ke ɗaurewa, kwamfuta ke ba shi umarni. Irinsu sun yawaita a Turai, kuma abin da Turai ta gaji da hawa shi ke iso mana bayan 'yan shekaru. Wannan ba a daidaita shi da sifana a tsakar gida. Wanda zai gyara shi sai ya haɗa boko da hannu, kuma yaron yana cikin ajinmu ko ɗakinmu yanzu.

Kafin nan, motocin da ke tsayawa a ƙofar makarantunmu da masallatanmu masu waya ne. Mai mota ya ja nasa yau ya ƙirga. In zai ajiye, ya ja birki, ya bar ta cikin giya, ya karkata tayar gaba zuwa gefen da ba mutane, sannan ya ƙara da dutsen in yana so. Shugabannin makarantu su hana ajiye mota a tudun da ke fuskantar inda yara ke zama. Mu dai a nan mun yi magana da direbobin ranar kasuwa, sun koma tsayawa a ƙasan hanya. Aduwar tana nan da tabon a gindinta, yara sun koma zama ƙarƙashinta. Allah ya kiyaye mu da su.