Yadda Najeriya da Birtaniya Suka Raba Harajin Riba

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu suka kama hanyar teku. Kamfanoni irin su John Holt da PZ, daga baya kuma UAC, a nan suke cin riba, amma masu jarin suna zaune a Ingila. To, wa ke da hakkin haraji a kan wannan riba: ƙasar da aka yi gumi a cikinta, ko ƙasar da mai dukiya yake kwana? In kowacce ta karɓi nata cikakke, an tatsi saniya ɗaya sau biyu ke nan.

Amsa ta zo a 1947, da Birtaniya ta tsara wa Najeriya da sauran ƙasashen da take mulka ƙa'idar hana biyan haraji sau biyu. Sunan yarjejeniya ne kawai, domin Bature ne a Landan, Bature ne a Ikko, babu ɗan ƙasa a wurin shawara. Tsarin ya karkata ga ƙasar mai jari, ya taƙaita abin da Najeriya za ta iya cira daga kuɗin da ke fita. Aka sami 'yanci a 1960, takardar na nan daram.

Sai a zamanin Janar Obasanjo aka taɓa ta. Lokacin kuɗin mai ne, Najeriya na jin ƙarfinta. Dokokin 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin waje sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, a 1978 kuma gwamnati ta ba da sanarwar soke yarjejeniyoyin harajin da ta gada daga Turawa. A 1979 ta karɓe kadarorin kamfanin man Birtaniya na BP saboda batun Afirka ta Kudu da Rodeshiya. Zumuncin ƙasashen biyu ya ƙara tsami a 1984, da aka yi yunƙurin sato tsohon minista Umaru Dikko daga Landan a cikin akwati.

Abin da ya maido da ɓangarorin kan tabarma ɗaya shi ne talauci. Farashin mai ya faɗi, bashi ya yi katutu, Janar Babangida ya shigo da shirin SAP a 1986 yana zawarcin masu zuba jari. Ranar 9 ga Yunin 1987 aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya, ta fara aiki a 1988. A ganina ta fi ta 1947 nesa ba kusa ba, don ta bai wa Najeriya damar cire har kashi 12.5 cikin ɗari daga kuɗin ruwa da ladan mallakar fasaha kafin su tsallaka. Abin takaici, daga baya Najeriya da kanta ta rage wa ƙasashen da take da yarjejeniya da su harajin zuwa kashi 7.5, ba tare da an ba ta komai a madadi ba. Sai a Yulin 2022 hukumar tara haraji ta FIRS ta janye rangwamen ga Birtaniya, aka koma kashi 10.

Gyambon da ya rage yana cikin sharaɗi guda: ba a taɓa ribar kasuwancin kamfanin Birtaniya sai yana da mazauni na dindindin a nan, wato ofis, reshe, masana'anta ko wakili. A 1987 wannan ya yi daidai, domin mai sayarwa dole ya kafa kanti. Yau kamfani na iya sayar wa miliyoyin mutane hajarsa ta intanet ba tare da ya ajiye ko kujera a Najeriya ba. Dokar Kuɗi ta 2019 ta buɗe hanyar karɓar haraji daga irin waɗannan kamfanoni, amma inda yarjejeniya take, sharaɗinta ake bi.

Takardar 1987 ce ke aiki har yau. Ya kamata Ma'aikatar Kuɗi da Majalisar Tarayya su nemi a sake zama a kanta, a kuma karanta wa jama'a abin da aka amince kafin a sa hannu.