RUWAN ZARTSI A BIRNIN SAKKWATO DA KEWAYE: BAYANI GA JAMA'A

Mazauna wasu unguwannin Sakkwato da ƙauyukan kewaye sun daɗe suna kokawa da ruwan da ba ya kumfa da sabulu, wanda kuma yake barin farin ɓawo a gindin tukunya da bakin famfo. Shi ne abin da aka fi kira ruwan zartsi. Mun tattara wannan bayani domin amfanin magidanta, da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi masu kula da rijiyoyin burtsatse.

Daga ina zartsin yake fitowa?

Ruwan sama ba ya da zartsi. Sai ya shiga ƙasa ya ratsa duwatsu ne yake narkar da wasu sinadarai guda biyu, wato kalsiyam da maganiziyam. Ƙasar Sakkwato kuwa tana da shimfiɗar dutsen farar ƙasa mai yawa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Ƙaramar Hukumar Wamakko ana yin siminti da shi. Rijiyar da ta faɗa cikin wannan shimfiɗa, ruwanta zai fito da kalsiyam. Shi ya sa akan ga gidaje biyu a unguwa ɗaya ruwansu ya bambanta, domin zurfin rijiyoyin ba ɗaya ba ne. Ruwan Gulbin Rima da ake tacewa a tura cikin bututu hanyarsa daban. Amma gidaje da yawa a yau famfonsu daga tankin burtsatse yake sha, ko kuma daga wajen 'yan garuwa suke saye.

Ana auna zartsi da miligiram a kowace lita. Abin da bai kai 60 ba, ruwa ne mai laushi. Daga 120 zuwa 180 ya zama mai zartsi, abin da ya haura 180 kuwa zartsinsa ya yi yawa. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta tsayar da iyaka a kan 150.

Ɓarnar da yake yi a gida

Aljihun maigida ne ya fi jin jiki. Kalsiyam yana kama sabulu ya mayar da shi dusar-dusar da ke manne wa bokiti da tufafi, sai an ƙara gogawa kafin a ga kumfa. Farin yadi yakan dushe, tawul ya yi tauri, wasu kuma fatarsu ta riƙa bushewa bayan wanka, musamman lokacin hunturu. Garin sabulun wanki irin na leda ya fi jure wa wannan ruwa a kan sabulun sanda.

A madafa ma haka abin yake. Wake yakan daɗe bai nuna ba, itace ko gawayi yana ta ƙonewa. Iyayenmu mata da suke jefa 'yar kanwa a tukunya sun san maganin tun da daɗewa, domin kanwa tana rage ƙarfin kalsiyam. Ɓawon da ke taruwa a butar shayi da hita yana hana zafi ratsawa, a bututu kuwa yana rage masa faɗi sannu a hankali har ruwa ya koma ɗiga.

Batun lafiya

A nan muke son jama'a su saurara da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya wa zartsin kalsiyam da maganiziyam wata iyaka saboda lafiya ba, kuma jikin ɗan Adam yana buƙatar sinadaran biyu. Haɗarin da muke gudu shi ne mutane su ƙaurace wa burtsatse saboda ɗanɗano, su koma shan ruwan tafki ko na gulbi don ya fi daɗi a baki. Wannan ruwa mai daɗi shi ne hanyar amai da gudawa, da taifot, kuma shiga cikinsa yana jawo tsargiya. A shekarar 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, cutar da ruwan tafki ya riƙa yaɗawa, kuma samar da rijiyoyi a karkara yana cikin abubuwan da suka kawo wannan nasara.

Sai dai a lura: ba duk ruwan da ake ce wa zartsi ne na kalsiyam ba. Idan ruwa yana da gishiri sosai, ko ɗaci, ko wari, ko ya canza launi, a kai shi awo.

Abin da za a iya yi

Tafasa ruwa yana fitar da wani kaso na zartsin. A bar shi ya huce, farin ya kwanta, a tsiyaye na sama. Akwai kuma zartsin da tafasawa ba ta taɓa shi, wanda sai da na'urar tacewa ta musamman. Alam yana kwantar da laka ne kawai, kulorin kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa, babu ɗayansu da ke cire zartsi. Ruwan lemon tsami ko na tsamiya yana narkar da ɓawon buta idan aka jiƙa ta da shi aka ɗan ɗumama. Da damina a tari ruwan sama don wanki, bayan an bar na farko ya wanke rufin.

Ga jami'an ƙananan hukumomi, muna shawartar kada a karɓi sabuwar burtsatse daga ɗan kwangila sai da takardar awon ruwanta daga ɗakin gwaji, mai nuna zartsi da sauran sinadarai da ƙwayoyin cuta. A ajiye kwafi a sashen ayyuka, a ba hakimi ko mai unguwa wani, domin a karanta wa jama'a sakamakon ranar da za a buɗe rijiyar.