Yadda za ku tsara ziyarar birnin Delhi: lokaci, ɗan jagora da wuraren tarihi

A kowace shekara Hausawa da dama na sauka a filin jirgin sama na Indira Gandhi da ke Delhi, babban birnin Indiya. Wasu jinya ce ke kai su, wasu karatu, wasu kuma fatauci. A cikinsu akwai waɗanda kan koma gida ba su san komai na birnin ba sai hanyar da ke tsakanin masauki da asibiti, alhali kuwa a Delhi kaɗai akwai wurare uku da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Birni ne da shi da kewayensa ke ɗauke da mutum fiye da miliyan 30, kuma wuraren da ake zuwa gani a warwatse suke. Wanda ya fita ba tsari kan ƙarar da yininsa a cunkoson motoci, ko ya isa ƙofa ya tarar da ita a rufe, ko ya faɗa hannun 'yan kamasho. Abubuwa uku ne ke raba ziyara mai daɗi da ta wahala: watan da aka je, ranar da aka ware wa kowane wuri, da mutumin da aka ɗauka ya yi jagora.

Birane ne a cikin birni

Sarakuna daban-daban sun gina biranensu a wannan fili da ke gaɓar kogin Yamuna, kuma fahimtar hakan ita ce mabuɗin tsara yawo. Matafiyi zai iya kasa Delhi kashi uku.

A kudu akwai unguwar Mehrauli, inda hasumiyar Qutub Minar take. Qutbuddin Aibak ne ya aza harsashinta a wajejen shekarar 1199, kuma tsayinta ya kai mita 72 da rabi. An daina barin jama'a su hau ta tun bayan turmutsitsin da ya hallaka mutane a cikinta a 1981. A harabarta akwai wani ginshiƙin ƙarfe da ya kai kimanin shekara 1,600 a tsaye ba tare da tsatsa ta cinye shi ba.

Wannan Delhi ta sarakunan farko ita ce wadda shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya isa a 1334, har Sarki Muhammad bin Tughluq ya naɗa shi alƙali. Shi ne kuma daga baya, a 1353, ya bi ta Takedda da ke Jamhuriyar Nijar ta yau, ya ambaci Gobir a cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin.

A arewa akwai Tsohuwar Delhi, wadda Sarki Shah Jahan na daular Mughal ya gina. A can ne Jar Fada take, wadda 'yan ƙasar ke kira Lal Qila, aka kammala ta a 1648. Daga kan ganuwarta ne firaministan Indiya ke yi wa al'umma jawabi a kowace ranar 15 ga Agusta. Kusa da ita akwai babban masallacin Jama Masjid da aka gama a 1656, wanda harabarsa ke ɗaukar masallata kimanin 25,000, sai kasuwar Chandni Chowk da kasuwar kayan ƙamshi da yaji ta Khari Baoli.

A tsakiya kuma akwai Sabuwar Delhi, wadda Turawan Birtaniya suka tsara bayan sun sanar da ɗauke hedikwatar mulki daga Kalkata a 1911, aka buɗe ta a 1931. A nan ne ake samun fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki da ƙofar tunawa da sojoji ta India Gate. Kudu maso gabas da ita akwai hubbaren Sarki Humayun na ƙarni na 16, wanda tsarinsa ya share fagen ginin Taj Mahal, da hubbaren waliyyin nan Nizamuddin Auliya da ya rasu a 1325.

Kowane kashi ya cancanci yini guda. Wanda ya ce sai ya haɗa Qutub Minar da Jar Fada da hubbaren Humayun kafin azahar, a mota zai kashe rabin lokacinsa.

Watan da ya fi dacewa

Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan tsananta, har ya kai digiri 45 a ma'aunin Selshiyos. Wanda ya saba da bazarar Sakkwato ko Njamena ba zai yi mamaki ba, amma ya tuna cewa a masallatai da hubbarori takalmi ake cirewa, kuma daɓen dutse kan ƙona ƙafa da tsakar rana.

Damina kan sauka daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, da gumi da ruwan da kan malale tituna. Daga Oktoba yanayi kan yi sauƙi, sai dai daga ƙarshen watan zuwa Janairu gurɓatacciyar iska kan lulluɓe birnin. Hayaƙin motoci da masana'antu ne ke haɗuwa da na ƙona karan shinkafa a gonakin jihohin Punjab da Haryana, ga kuma wasan wuta na bikin Diwali. Lamarin kan kai ga rufe makarantu. Mai asma ko ciwon zuciya, da wanda bai jima da tashi daga jinya ba, ya kamata ya nemi shawarar likita kafin ya yi dogon yawo a waje a wannan lokaci.

A Disamba da Janairu kuma hazo mai kauri kan jinkirta jiragen sama da na ƙasa. Idan aka auna duka, Fabrairu da Maris da farkon Oktoba ne suka fi sauƙi.

Kowace rana da wurinta

Ranakun rufewa su ne suka fi ɓata wa baƙi shiri. A ranar Litinin ana rufe wurin ibadar mabiya Baha'i mai siffar furen bado da katafaren wurin ibadar Hindu na Akshardham. Qutub Minar da hubbaren Humayun kuwa a buɗe suke kullum, don haka su ne suka dace da Litinin.

Taj Mahal, wanda ke birnin Agra mai nisan kilomita 200 da 'yan kai daga Delhi, a rufe yake ga masu yawon buɗe ido a ranar Juma'a. Jirgin ƙasa mai sauri na Gatimaan Express, da ke tashi da safe daga tashar Hazrat Nizamuddin ya isa Agra cikin kimanin minti 100, shi ma ba ya aiki a ranar. Saboda haka Juma'a ta fi dacewa da Tsohuwar Delhi: a ga Jar Fada da safe, a yi sallah a Jama Masjid, a shiga kasuwa da yamma. Ranar Lahadi yawancin shagunan Chandni Chowk a kulle suke.

Yammacin Alhamis ne aka fi cika a hubbaren Nizamuddin, inda ake rera waƙoƙin bege irin na Sufayen yankin da ake kira ƙawwali. Haka nan, a kwanakin da ke gab da 15 ga Agusta da kuma 26 ga Janairu, ranar bikin zama jamhuriya, akan rufe wasu wurare da tituna saboda tsaro.

Wane irin jagora za a ɗauka?

Hanyoyi uku ne aka fi bi. Ta farko ita ce a ɗauki mota da direba da ɗan jagora na yini guda, kuma ita ta fi dacewa da iyali ko dattawa ko marasa ƙarfin jiki. Ta biyu ita ce shiga ayarin motar safa, irin wanda hukumar yawon buɗe ido ta gwamnatin Delhi da kamfanoni ke shiryawa. Ya fi araha, amma lokacin tsayawa a kowane wuri ƙayyadadde ne, kuma ba lallai a tsaya don sallah ba.

Ta uku ita ce yawon ƙafa, wanda ya fi dacewa da lungunan Tsohuwar Delhi da mota ba ta shiga. Gidauniyar Salaam Baalak, wadda aka kafa a 1988 don taimaka wa yaran da ke kwana a titi, tana shirya irin wannan yawo a unguwar Paharganj, kuma matasan da suka taso a titunan ne ke yin jagorar.

Amfanin ƙwararren jagora ya wuce nuna hanya. Tarihin Delhi na cike da abubuwan da ake taƙaddama a kansu har yau. Masallacin Quwwatul Islam da ke gindin Qutub Minar, alal misali, an gina shi ne da duwatsun wuraren ibadar Hindu da Jain da aka rushe, kuma ana ganin sassaƙarsu a jikin ginshiƙai. Mai ilimi zai bayyana wannan cikin natsuwa da adalci. Maras ilimi kuwa tatsuniya zai cika baƙo da ita.

Ma'aikatar yawon buɗe ido ta Indiya na bai wa jagororin da ta amince da su katin shaida mai hoto, kuma ba laifi ba ne a nemi gani. Akwai masu jin Larabci da Faransanci, amma sai an nema tun da wuri. Kafin a biya, a tabbatar an rubuta awa nawa za a yi, da wuraren da za a je, da ko kuɗin ya haɗa da tikitin shiga da na ajiye mota. Baƙi 'yan ƙasar waje na biyan kuɗin shiga da ya ninka na 'yan ƙasa fiye da sau goma, amma yara 'yan ƙasa da shekara 15 kyauta suke shiga. Ana iya sayen tikitin ta intanet daga hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar, a huta da bin layi.

Tarkon 'yan kamasho

Hausawa kan ce matambayi ba ya ɓata, amma a bakin tashar jirgin ƙasa ta New Delhi da dandalin Connaught Place, sai an duba wanda ake tambaya. Dabarar 'yan damfarar wurin sananniya ce: wani mai fara'a zai tare baƙo ya ce an soke jirginsa, ko an rufe otal ɗinsa, ko an toshe hanya saboda zanga-zanga. Daga nan sai ya kai shi wani ofishi mai allon da ke kama da na gwamnati, a sayar masa da tafiya mai tsadar gaske. Ofishin ma'aikatar yawon buɗe ido na ainihi yana lamba 88 a titin Janpath. Wanda aka ce masa an rufe masaukinsa, ya buga wa masaukin waya da kansa.

Akwai kuma direbobi da jagororin da kan tsaya da baƙo a shagunan darduma da gwala-gwalai, inda ake ba su lada daga abin da ya saya. Rangadin da aka ga ya yi arha fiye da kima, sau da yawa a nan ake fanshe kuɗinsa. Tun farko a faɗa cewa ba a son tsayawa a shago. Mai son tsaraba ba tare da ciniki ba zai iya zuwa kantin kayan sana'ar hannu na gwamnati da ke Janpath, inda farashi yake a rubuce.

Zirga-zirga da abinci

Jirgin ƙasa na cikin gari, Metro, wanda ya fara aiki a Disamban 2002, shi ne hanya mafi sauri da arha. Yana da tashoshi a Qutub Minar da Chandni Chowk da Jama Masjid da Lal Qila, kuma an keɓe wa mata taragon farko. Wani layi na musamman na kai mutum daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari cikin kimanin minti 20. Don gajeriyar tafiya akwai keke mai ƙafa uku, irin A Daidaita Sahun Kano, wanda da ma daga Indiya ake shigo da shi. A gama ciniki kafin a hau, ko a yi amfani da manhajar Uber ko Ola.

Abincin halal ba ya wuya a kewayen Jama Masjid da Nizamuddin. Gidan abinci na Karim's da ke kusa da masallacin yana aiki tun 1913. A wasu unguwannin sai an tambaya, domin akwai naman da ba yankan Musulunci ba ne. An haramta yanka shanu a Delhi, don haka jan naman da za a samu na akuya ne ko na ɓauna. Abincin leda mai koren ɗigo ba nama a cikinsa. Ruwa kuwa, na roba da ba a buɗe ba ne ya fi aminci.

Kafin a bar gida

Indiya na ba da biza ta intanet ga 'yan ƙasashe da yawa, amma ba duka ba, kuma fasfon da mutum ke riƙe da shi ake dubawa, ba ƙasar da yake zaune ba. Bizar jinya daban take da ta yawon buɗe ido, kuma akwai ta mai rakiyar maras lafiya.

Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kamar Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, dole ya nuna katin rigakafi. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma ana iya killace wanda ba shi da shi har tsawon kwana shida. Haramun ne shiga ƙasar da wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya ba tare da izini ba, kuma ana kama mutane a kan haka.

Baƙar fata zai iya fuskantar kallo da tambayoyi, wani lokacin ma da wariya. A watan Maris na 2017 an kai wa wasu ɗaliban Najeriya hari a Greater Noida da ke wajen Delhi. Yawancin ziyarori kan ƙare lafiya, amma yana da kyau a guji yawon dare a unguwar da ba a sani ba, a kuma riƙe kwafin fasfo da biza a jiki. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, ta taimakon masu yawon buɗe ido kuma 1363, wadda ake amsawa da harsuna da dama ciki har da Larabci da Faransanci.

Mai kwana huɗu zai iya bai wa kowane kashi na Delhi yini guda, ya ware na huɗun ga Agra. Wanda jinya ko kasuwa ta bar masa yini ɗaya tak, ya zaɓi kashi ɗaya ya gan shi da kyau.