Halvylle: Yadin Da Sunansa Ba Ya Ƙarya

Yau tarihin tufafi zan ɗan taɓo mana, don na lura yawancinmu da an ce tarihi sai mu tuna sarakuna da yaƙe-yaƙe kawai, alhali rigar talaka ma tana da nata labarin.

A yaren mutanen Suwidin akwai kalmar halvylle, ma'anarta rabin ulu. Yadi ne da ake saƙa shi da zare iri biyu: zaren tsaye na lilin ko auduga, na kwance kuma na gashin tumaki. Haka suke da halvlinne, rabin lilin, da halvsiden, rabin siliki.

To me ya kawo gaurayen? Zaren tsaye shi ke shan ja a kan masaƙa, dole ya zama mai ƙwari, lilin kuwa ba ya saurin tsinkewa. Shi kuma ulu ɗumi yake bayarwa, ga ƙasar da sanyin bala'i. Manomi yana noma lilin ɗinsa, yana kiwon 'yan tumakinsa, matan gida su kaɗa zare su saƙa. Ulun da ba zai kai riga ɗaya ba, in aka haɗa shi da lilin sai ya kai. Lardin Hälsingland har yau an san shi da lilin.

A ƙarni na 19 zaren auduga na inji ya yi araha, sai ya riƙa ƙwace gurbin lilin a zaren tsaye. Suwidin ba ta noma auduga, daga waje ake shigo da ita. A yankin Borås, 'yan kasuwa kan raba wa masu saƙar gida zare su karɓi yadi, 'yan koli su bi ƙauyuka da shi. A nan ne Sven Erikson ya kafa masaƙar inji ta Rydboholm a 1834. Daga baya saƙar hannu ta ja da baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne sunan. Rabi ne, sun ce rabi ne. Gauraye ba ha'inci ba ne, ɓoye shi ne ha'inci. Mu da ke lallaɓa kuɗin makaranta, idan za ku yanki yadin Sallah ku tambaya: auduga zalla ce ko an sirka da roba? Kada ku biya kuɗin zalla ku tafi da rabi.

Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa.