G. Mennen Williams da Iyakar Ikon Tsohon Gwamna a Gwamnatin Tarayya

Ana yawan zaton cewa gwamnan da ya iya mulkin jiha zai ci gaba da faɗa a ji idan ya koma gwamnatin tarayya. Tarihin G. Mennen Williams (1911–1988) ya ƙaryata wannan zato.

Williams ɗan Detroit ne, jikan masu kamfanin kayan aski na Mennen, amma ƙungiyoyin ƙwadago na masana'antar motoci ne suka ɗaga shi. Sau shida jama'ar jihar Michigan ta Amurka suka zaɓe shi, ya yi gwamna daga 1949 zuwa ƙarshen 1960. A zamaninsa aka kafa dokar hana wariya wajen ɗaukar ma'aikata a 1955, aka buɗe gadar Mackinac a 1957. Ƙarfinsa duka daga ƙuri'a yake.

A 1961 Shugaba Kennedy ya naɗa shi mataimakin sakataren harkokin waje mai kula da Afirka. Da ya isa Nairobi a wannan shekara, ya ce Afirka ta 'yan Afirka ce. Turawa 'yan kaka-gida suka harzuƙa, har wani ya kai masa naushi a filin jirgin saman Lusaka. Maganar ba ta fatar baki ba ce: ya yi imani cewa Amurka ba za ta sami amincewar sababbin ƙasashe ba muddin tana danne baƙaƙenta a gida.

Sai dai a Washinton babu ƙuri'ar da za ta tsaya masa. Batun Angola ya isa misali. A 1961 Amurka ta juya wa Portugal, mai mulkin mallakar Angola, baya a Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar yadda Williams yake so. Da Portugal ta ɗaure fuska kan sansanin sojan saman Amurka da ke tsibiranta na Azores, sai sojoji da jami'an sashen Turai na ma'aikatar harkokin waje suka rinjayi fadar shugaban ƙasa, aka sassauta. Abin takaici, bakin mutumin da ya fi su sanin shugabannin Afirka ido da ido bai kai nasu nauyi ba.

Ya ajiye aikin a 1966, ya nemi kujerar sanata ya faɗi, daga baya ya zama alƙalin alƙalan Michigan a 1983. Bai kamata a ɗora masa laifin ja da bayan Amurka kan Angola ba. Laifin na tsarin da ya fifita lissafin Yaƙin Cacar Baka a kan 'yancin Afirka ne.