Tarihin Mahaɗar Wayoyin Talabijin da Matsalar Riƙonsu a Gidajen Yola da Jimeta

Mahaɗa ita ce wurin da kan waya yake shiga jikin na'ura domin isar da hoto da sauti, kuma duk da ƙanƙantarta, ita ce mafi rauni a tsarin kayan kallo na gida, domin a kanta nauyin waya da ƙura da yawan zarewa da mayarwa suke taruwa. Mahaɗan da aka ƙera kashi biyu ne ta fuskar riƙo: akwai waɗanda matsi kawai yake riƙe su, wato ƙarfen kan wayar ya cushe cikin ramin, akwai kuma waɗanda ake ɗaure su da noti ko maƙalli. Tarihin kallo a gidajen Yola da Jimeta ya nuna cewa mafi yawan na'urorin da suka shigo sun zo ne da kashi na farko, kuma daga nan matsalar suɓucewar waya ta samo asali.

Talabijin ya fara a Nijeriya ne a Ibadan a shekarar 1959, ya iso Kaduna a 1962, amma yankin Adamawa bai samu tashar kansa ba sai bayan da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola babban birninta, sannan aka kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, a 1977, wadda ta ɗauki manufar buɗe tasha a hedikwatar kowace jiha. A wancan zamani waya ɗaya tak take shiga bayan akwatin talabijin, ita ce ta eriya, kuma kanta irin wanda kamfanin Belling da Lee na Ingila ya ƙera ne tun 1922 domin rediyo, wanda turawa kawai ake yi ya zauna. Da yake akwatin yana da nauyi, yana zaune a kan teburi ko cikin kabad ba a motsa shi, wayar kuma siririya ce, rashin noti bai zama abin damuwa ba.

Yawan wayoyi ya fara ne da zuwan bidiyon kaset na VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976, ya kuma bazu a biranen Arewa cikin shekarun 1980. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 da bunƙasar finafinan Hausa da ta biyo baya, na'urar bidiyo ta zama kayan ɗaki na yau da kullum, har tana shiga cikin kayan amare, daga baya kuma faifan VCD da na DVD suka gaje ta. Mahaɗar da ta yi mulki a wannan lokaci ita ce ta RCA, mai ɗauke da sunan kamfanin Amurka da ya ƙera ta, wadda aka sani da kawuna uku: rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Ita ma matsi ne yake riƙe ta, sai dai gyaranta yana da sauƙi, domin idan zoben kanta ya buɗe ana iya matse shi da filaya ya koma daidai. Kayan gwanjo da suka riƙa shigowa daga Turai kuwa sun kawo mahaɗar SCART, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1977, mai haƙora 21 da waya mai kauri da take fita ta gefe, kuma ita ce ta fara nuna yadda nauyin waya kan rinjayi kanta har gefe ɗaya ya zame, hoto yana nan amma sauti ya ɗauke.

A daidai wannan lokaci wasu fannoni sun bi wata hanya dabam. Masu kwamfuta sun ɗauki mahaɗar VGA ta kamfanin IBM a 1987, sannan DVI a 1999, kuma dukansu biyu suna da noti a kowane gefe, yayin da masu harkar tauraron ɗan'adam suka dogara da mahaɗar F, wadda ake murɗawa har ta kama. Saboda haka lokacin da dikodar DStv ta shigo bayan 1995, StarTimes a 2010 da GOtv a 2011 suka biyo baya, wayar da take saukowa daga rufi tana zama daram a jikin dikoda, wadda take tafiya daga dikoda zuwa talabijin ce take ba da wahala.

Sauyi mafi girma ya zo ne a watan Disamba na 2002, lokacin da kamfanoni bakwai, ciki har da Sony da Hitachi da Philips da Toshiba, suka fitar da ƙa'idar HDMI, wadda ta haɗa hoto da sauti cikin waya guda mai haƙora 19, faɗin kanta bai kai milimita 14 ba. Ko da yake tsarin aika hotonta daga DVI aka ɗauko shi, an bar notinan a baya domin kan ya ƙanƙanta kuma kowa ya iya sakawa ba tare da kayan aiki ba. Maƙalli ya samu shiga ƙa'idar ne a 2009, a nau'in da aka tanada domin motoci, alhali kuwa DisplayPort, wadda ta fito a 2006 domin kwamfuta, ta tanadi maƙalli tun farko.

Abubuwa uku ne suka mai da wannan zaɓi na barin noti matsala. Na farko, talabijin ya koma falle ana rataye shi a bango, don haka wayar da a da take kwance a kan teburi yanzu tana reto, dukan nauyinta a kan mahaɗa. Na biyu, dogayen wayoyi suna buƙatar jan ƙarfe mai kauri da rufi mai yawa domin kada saƙo ya raunana a hanya, musamman bayan da ƙa'idar HDMI ta 2017 ta ɗaga yawan bayanan da waya za ta ɗauka, kuma waya mai tauri tana aiki tamkar muciya a bakin tukunya, ƙaramin motsi a nesa yana zama babban ƙarfi a gindi. Na uku, saƙon dijital, wato wanda ake aikawa a matsayin lambobi, ba ya jure rabin haɗuwa: a tsohon tsari waya mai sako-sako tana ba da hoto mai dishi-dishi, a sabon tsari kuwa allon yakan yi baƙi gaba ɗaya.

Yanayin Yola da Jimeta yana ƙara wa lamarin tsanani, domin zafin watannin Maris da Afrilu, wanda yakan haura digiri 40, yana sassauta robar kan waya da gam ɗin da ake liƙa ta da shi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ramukan da aka bari a buɗe. Bugu da ƙari, al'adar zare wayoyi domin tsoron tsawa a damina ko hauhawar wuta, da kuma yawan sauya na'urori a gidajen kallon ƙwallo, inda dikoda ɗaya kan ciyar da alluna da dama ta dogayen wayoyi, suna cinye ƙarfin matsin tun kafin lokacinsa. Ɓarnar ba ta tsayawa ga waya, domin ramin HDMI liƙe yake da dalma a jikin allon lantarki na cikin na'ura da ƙafafu masu tazarar rabin milimita, kuma idan suka tsage, gyaransu aiki ne na ƙwararren mai gyara.

Dabarun da aka samar domin magance wannan sun haɗa da kai mai lanƙwasa wanda yake juyar da waya ƙasa, da guntuwar waya mai laushi da ake sakawa tsakanin na'ura da babbar waya, da kai mai noti ga na'urorin da aka yi wa ramin noti, sai kuma maɗauran roba da kilif na bango waɗanda masu haɗa dish suka saba amfani da su. Dukansu manufa ɗaya suke bi, wato a ɗauke nauyi daga kan mahaɗa a ɗora shi a kan bango ko maratayin talabijin. Mahaɗar HDMI an ƙera ta ne domin isar da saƙo, ba domin ɗaukar kaya ba, saboda haka wayar da aka ɗaure ta kusa da kanta, aka bar mata ɗan sako-sako, ita ce take daɗewa, ita ce kuma take kare na'urar da ta fi ta tsada.