Sarƙar keke da hanyar burji: labarin da ya faro tun 1880

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Zan fara da abin kunyar da ya same ni, don shi ya jawo shirin yau. Hunturun bara na sayi keken tsere na gwanjo, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen hannu, giya 11 a baya. Kuɗin da na daɗe ina tarawa na zuba. Sai na riƙa hawansa zuwa ƙauyenmu duk ƙarshen mako, kuma kusan rabin hanyar burji ce, jar ƙasa da tsakuwa. Duk sanda na ji sarƙar ta fara ƙara, sai in samo baƙin mai wajen masu gyaran babur in tuttula mata. A tunanina gata nake mata. Wata huɗu ba su cika ba, ina taka feda da ƙarfi sai sarƙar ta yi tsalle a kan haƙora, ƙafata ta zame, saura kaɗan in ci ƙasa a gaban 'yan acaɓa.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran keke. Ya shafa sarƙar da yatsa, ya murza baƙin abin da ya fito, ya ce, "Ɗana, taɓa ka ji." Na taɓa, sai na ji kamar yashi a cikin man shanu. Ya ce ba sarƙar kaɗai na kashe ba, har farantan haƙoran baya sun tafi. Na ce, "Baba, to yaya Ralin mahaifina ya yi shekara da shekaru a wannan hanyar, ban taɓa ganin an canja masa sarƙa ba?" Ya yi dariya kawai, ya nuna mini wani tsohon Rali da ke jingine, sarƙarsa a rufe ruf cikin gidanta na kwano.

Wannan tambayar ce ta kai ni karatun tarihi.

A shekarun 1870, keken da ake yayi a Ingila ba shi da sarƙa sam. Fedar a jikin tayar gaba take, taka ɗaya juyi ɗaya. Idan kana son gudu, sai dai a ƙara wa tayar girma, shi ya sa ta kai kusan mita ɗaya da rabi, mahayi yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi. Hanyoyin lokacin kuwa duwatsu ne da ramuka. Dutse ɗaya ya tare tayar, sai mutum ya wuntsila ta gaba, kai ya fara isa ƙasa. Saboda haka keke ya zama abin samari masu ƙarfin hali da kuɗi.

Mutum uku suka sauya wannan cikin shekara takwas. Na farko Hans Renold, ɗan ƙasar Suwizalan da ya koma Manchester. A 1879 ya sayi wata ƙaramar masana'antar sarƙa a Salford, wadda ke yi wa masaƙu aiki, a 1880 kuma ya fito da sarƙar da har yau jikokinta muke hawa. Dabarar ita ce: kowace gaɓa tana da ƙusa, ƙusar tana cikin ɗan bututu, bututun kuma yana cikin wani zobe mai juyawa. Idan haƙori ya kama sarƙar, zoben ne ke mirginawa a kansa maimakon ƙarfe ya goge ƙarfe. Na biyu John Kemp Starley na garin Coventry, wanda a 1885 ya fitar da keken Rover: tayoyi biyu kusan kai ɗaya, feda a tsakiya, sarƙa tana kai ƙarfi zuwa tayar baya. Tunda farantin gaba ya fi na baya yawan haƙora, taka ɗaya yana juya tayar sau biyu ko fiye, ka ga an huta da ƙatuwar taya. Na uku John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, wanda ya yi rajistar tayar iska a 1888. Ku duba keken da ke ƙofar gidanku, fasalinsa na 1885 ne.

To amma tun ranar farko sarƙa ta zo da ciwonta. Tana buƙatar mai a cikin gaɓoɓinta, mai kuma yana kama ƙura. Ƙura da mai idan suka haɗu, sun zama abin wasa wuƙa. Ku lura da wannan, don nan ne tarihin ya rabu gida biyu.

Gida na farko su ne masu keken zuwa aiki da kasuwa. Su maganinsu sauƙi gare shi: a rufe sarƙar. Kamfanin Sunbeam na Wolverhampton ya yi suna da gidan sarƙa mai ɗan tafkin mai a ƙasansa, sarƙar tana wucewa tana shan mai, ƙura ba ta ganinta. Raleigh na Nottingham ma ya yi kekuna masu rufaffiyar sarƙa, kuma su ne suka cika ƙasar nan, har masana'antar haɗa su aka yi a Kano. Malamin makaranta, mai kai madara, ɗan kasuwar ƙauye, kowa Rali. Sarƙarsa mai kauri ce, a miƙe take tafiya daga faranti ɗaya zuwa ɗaya, ba ta karkata, kuma iskar hunturu ba ta isa gare ta. Amsar tambayar da na yi wa Baba ke nan. Wanda ma yake son giya, tun 1902 akwai ta Sturmey-Archer mai hawa uku, wadda aka ɓoye a cikin cibiyar tayar baya.

Gida na biyu 'yan tsere. Su kowane gram nauyi ne, kuma dole su iya cire taya da sauri idan ta yi faci, don haka sarƙarsu tsirara take. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tseren keke na titi a kan burji aka haife shi. Tour de France na farko, wanda jaridar L'Auto ta shirya a 1903 ƙarƙashin Henri Desgrange, kilomita 2,428 ne a zango 6 kacal. Zangon farko daga Paris zuwa Lyon kilomita 467, Maurice Garin ya yi kusan awa 18 a kan sirdi, da dare da rana, a hanyoyin da galibinsu ba su san kwalta ba. Mutum 60 suka tashi, 21 suka ƙarasa. A 1910 aka shigar da manyan duwatsun Pyrenees, ciki har da Tourmalet mai tsayin mita 2,115, inda hanyar ba ta wuce turbar dabbobi da masu itace ba. Octave Lapize, wanda ya ci gasar a shekarar, da ƙafa ya tura kekensa a wasu wuraren, kuma da ya ga masu shirya gasar a kan dutsen Aubisque ya kira su masu kisan kai.

Dokar Desgrange kuwa ita ce kowa ya gyara kekensa da hannunsa. A 1913 Eugène Christophe yana gangarowa daga Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe tayar gabansa ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya yi tafiyar kilomitoci a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera, ya ƙera ƙarfen da kansa, alƙalan gasa suna tsaye a kansa. Bayan ya ɓata awanni, sai kuma aka ci shi tarar mintuna, wai don wani yaro ya taya shi zuga wuta. Wallahi duk sanda na karanta wannan sai raina ya ɓaci. Mutum ya rasa gasar gaba ɗaya, amma zugazugin yaro ne ya tsone muku ido.

Yanzu maganar giya. A wancan zamanin ɗan tsere yana da faranti ɗaya a kowane gefe na tayar baya, babba na hawa, ƙarami na gudu. In ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya kwance tayar, ya juya ta, ya mayar da sarƙa, ya ɗaure. Masu yawon buɗe ido a keke sun riga su waye: Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, tun farkon shekarun 1900 yake ta yaɗa ƙarfen sauya giya daga Saint-Étienne. Desgrange ya ƙi, a ganinsa wannan kayan raggwaye ne da tsofaffi. Sai a 1937, bayan rashin lafiya ta sa ya miƙa ragamar gasar ga Jacques Goddet, aka bar 'yan Tour suka yi amfani da shi, Roger Lapébie ya ci. A Italiya kuma akwai labarin da ake bayarwa na Tullio Campagnolo, cewa sanyi ya daskarar masa da yatsu a kan dutsen Croce d'Aune ya kasa kwance tayarsa, haushin haka ya sa ya ƙirƙiro ɗan maɗaurin da ake buɗe taya da shi ba tare da sifana ba. Kamfanin da ya kafa a Vicenza a 1933 yana nan har gobe.

Ƙarfen sauya giya ya sauƙaƙa wa ƙafa, amma sarƙa ce ta biya kuɗin. Yanzu dole ta riƙa karkata hagu da dama, ta ratsa ƙananan ƙafafu biyu da ke rataye kusa da ƙasa, daidai inda tayar gaba ke watso ƙura. Kuma da aka riƙa ƙara faranti a baya, daga 5 zuwa 8 zuwa 11 zuwa 12, sai aka riƙa sirantar da ita don ta shiga tsakani. Abin bai dami kowa sosai ba, saboda a daidai wannan lokacin Turai tana ta shimfiɗa kwalta. Har ta kai masu shirya tseren Paris-Roubaix, wanda aka fara a 1896, suna yawo ƙauye-ƙauye neman tsoffin hanyoyin dutse da suka tsira, a haka aka shigar da dajin Arenberg a 1968.

Ko a kan kwaltar ma sarƙa ta taɓa yanke hukunci. A Tour na 2010, Andy Schleck yana sanye da rigar ɗorawa ta jagora, ya kai hari a hawan Port de Balès, sai sarƙarsa ta zame. Alberto Contador ya wuce bai jira ba. Daƙiƙa 39 Schleck ya rasa a ranar, kuma da aka isa Paris tazarar da ke tsakaninsu daƙiƙa 39 ce cif. Daga baya, a 2012, aka ƙwace nasarar daga Contador saboda gwajin ƙwayoyi aka ba Schleck, amma hawa dandamali a Paris a matsayin zakara ya riga ya wuce shi.

Abin dariyar shi ne, bayan sun gama rufe ƙasarsu da kwalta, sai kewar burji ta kama su. A 1997 aka fara L'Eroica a Gaiole, yankin Chianti na Italiya, inda ake hawa tsoffin kekuna a kan fararen hanyoyin tsakuwa, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a hana kwalta cinye hanyoyin. Daga nan tseren ƙwararru na Strade Bianche ya fito a 2007, wanda ke ƙarewa a dandalin birnin Siena. A Amurka, a 2006, mutum 34 suka taru a Emporia ta jihar Kansas suka yi mil 200 a kan tsakuwa, tseren da yanzu ake kira Unbound Gravel, dubbai ke zuwa. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta tseren burji a Veneto, a 2024 kuma Tour de France da kansa ya sa yanki 14 na tsakuwa a zangon Troyes. Hanyar da mu muke roƙon gwamnati ta zo ta rufe mana, su tikitin jirgi suke saya su je su hau irinta. Ni dai ban ga laifinsu ba, amma a fara yi mana kwaltar tukuna, kewar ta zo daga baya.

Komawarsu burji ta dawo da tsohuwar matsalar 1880, ga sarƙa siririya kuma tsirara. Shi ya sa da yawansu yanzu suka bar mai suka koma kakin kyandir: a wanke sarƙa tas, a tsoma ta a narkakken kaki, ya shiga gaɓoɓi ya daskare. Busasshe ne, ƙura ba ta samun wurin kamawa. Rauninsa ruwa, don haka da damina sai an riƙa maimaitawa.

Ga abin da nake yi yanzu, wanda rabinsa Baba ne ya koya mini. Duk dawowa daga ƙauye ina goge sarƙar da busasshen tsumma kafin komai. In ta yi baƙi sosai, kananzir da tsohon buroshin haƙori, in bar ta ta bushe sarai. Mai kuwa ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, in juya feda baya na ɗan lokaci, sannan in goge na wajen gaba ɗaya, don aikin mai a ciki yake, na waje ƙura kawai yake kira. Baƙin mai na daina, tunda shi da ma da garin ƙarfen inji yake zuwa.

Sai awo. Mutane suna cewa sarƙa ta miƙe, alhali ƙusoshin ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta ɗan saki. Daga tsakiyar ƙusa zuwa ta gaba rabin inci ne, wato milimita 12.7. Ka ɗora ruler a tsakiyar ƙusa ɗaya, a sabuwar sarƙa alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ka ga ƙusar ta wuce alamar da kamar milimita ɗaya da rabi, canja sarƙar a makon nan. In ka bari ta kai milimita 3, ta riga ta sassaƙe haƙoran baya zuwa siffarta, sabuwar sarƙa ma tsalle za ta riƙa yi a kansu. Tawa da Baba ya auna ta wuce haka, shi ya sa na sayi sarƙa da farantai a rana ɗaya, na koma gida a ƙafa ina tura keken saboda ko kuɗin ɗaurawa bai rage ba sai washegari.

Tayar kuma na sa mafi faɗin da jikin keken zai ɗauka, milimita 28, na ɗan rage mata iska in zan shiga burji, amma ba sosai ba, don kada dutse ya matse tib ɗin da bakin ƙarfe ya huda shi.

Wanda mahaifinsa ko kakansa ke da Rali har yanzu a gida, don Allah ya leƙa gidan sarƙar ya faɗa mana abin da ya gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.